Jaririn da Na Ƙi Karɓa

Akwai wata safiyar Litinin da ba za ta fita daga raina ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa. Yanzu mantuwa ta yi mini yawa. Nakan shiga ɗaki in tsaya ina tunanin abin da ya kawo ni, nakan kira wannan jikan da sunan wancan. Amma safiyar nan tana nan yadda take, har farin matashin da aka kwantar da yaron a kai ina ganinsa. Na daɗe ina ɓoye labarin, na kuma gaji da ɓoyewa.

'Yata ta fari likita ce a Doha, mijinta kuma injiniya ne a wajen aikin gas, sai ƙarshen mako yake dawowa gida. Da ta haifi 'yarta ta biyu aka yi mini biza na tafi jego. An ce wata uku zan yi. Da hutunta ya ƙare ta koma asibiti, sai aka ga jaririyar ta yi ƙanƙanta a bar ta da mai aiki kawai, aka ƙara mini wasu watannin. Gidansu yana unguwar Al Aziziya, cikin wani rukunin gidaje masu bene, duk iri ɗaya, bango ɗaya ne tsakanin kowane gida da na kusa da shi. Ban rasa komai ba a gidan nan, amma ban taɓa gajiya da zama kamar yadda na gaji a can ba. Waje zafi kamar bakin murhu, ciki kuma na'urar sanyi ta kama mini gwiwoyi. A garinmu in kika yi tari sau biyu maƙwabciya za ta leƙo ta ce lafiya. A can sai in wuni ban ji sallamar kowa ba, sai ƙarar motoci suna shiga suna fita.

Da yamma in rana ta yi sanyi nakan goya jikata in fita wani ɗan fili mai ciyawa a tsakiyar rukunin. A nan na fara ganin maƙwabciyarmu, wata baturiya 'yar siririya mai tsohon ciki, tana zaune a kan benci ƙafafunta sun kumbura. Ban san lokacin da na ce mata da Hausa ta ɗaga ƙafafun ba, ina nuna mata da hannu. Ta yi dariya ta ɗora su a kan bencin. Daga ranar muka saba. Ni karatuna na boko a firamare ya tsaya, Turancina bai wuce na gaisuwa da ciniki ba, sai ɗan Larabcin Islamiyya. Ita kuma ta koyi Larabci a makaranta. Da wannan da wancan da nuni da hannu muke hira, kuma wallahi muna fahimtar juna fiye da yadda nake fahimtar wasu masu jin Hausa. Tun mako na biyu ta fara kirana Mama. Ta gaya mini mahaifiyarta ta rasu shekara biyu da suka wuce, ba ta da 'yar'uwa mace, kuma wannan ne cikinta na fari. Mijinta malamin jami'a ne, dogo mai tabarau, in ya gan ni sai ya dafa ƙirji ya ɗan rusuna.

Ranar wata Litinin aka yi mata aiki aka ciro ɗa namiji. Ranar Laraba aka sallamo su. Da la'asar mijin ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, gashinsa a hargitse, ya ce yaron kuka yake yi, nono bai zo ba, ita ma kuka take yi. Na ɗauki gero da kanwa da kayan yajin da na taho da su daga gida na bi shi.

A kicin ɗinsu na fara ganin abin mamaki. Tukwanensu kashi biyu ne, wasu da jan alama, wasu da shuɗi, cokula ma haka. Na jawo wata tukunya mai jan alama zan ɗiga man shanu, sai mijin ya yi tsalle kamar ya taka garwashi, ya miƙo mini wata yana ba ni haƙuri. Ya ce wannan ta nama ce, waccan ta madara, ba sa haɗa su. Na ce a raina Turawa da tsirfa. A jikin ƙofar falo ta ciki kuma akwai wani ɗan siririn abu manne, na ɗauka laya ce, na ce ashe su ma suna yi. Na dama mata kunu mai zafi na zauna a bakin gado na sa ta shanye. Na karɓi yaron na yi masa wanka da ruwan ɗumi, na miƙe masa gaɓoɓi, ya yi barci a hannuna. 'Yata ta riga ta ja mini kunne cewa ban da wankan ganye ga mai ɗinki, don haka ƙafafunta kawai na gasa mata.

Na tambaye ta sunan yaron. Ta girgiza kai ta ɗaga yatsu takwas, ta ce ba a faɗa sai rana ta takwas, ranar da za a yi masa kaciya. Na ce mu ranar bakwai muke raɗa suna, kun fi mu haƙuri da kwana ɗaya. Ta yi dariya har ta riƙe cikinta don zafin ɗinkin.

Washegari Alhamis da yamma muka shiga tare da 'yata, ta duba ciwon. Mai jegon ta kama hannuna ta yi magana mai tsawo da Turanci, 'yata tana fassara mini. Ta ce a al'adarsu ranar kaciya uwa ba ta kai yaron da kanta. Wata mace ce daga cikin dangi, wadda aka fi girmamawa, take karɓarsa daga hannun uwar ta kai shi bakin ɗakin da maza suke ta miƙa shi. Da mahaifiyarta tana raye ita za ta zaɓi wadda za ta yi, ko ta yi da kanta. Uwar mijin kuma ba ta da lafiyar da za ta hau jirgi. Ta ce ita a garin nan ba ta san wata mace da ta kai ni a wurinta ba, tana roƙon in sauko mata da yaron daga bene ranar Litinin.

Na ji daɗi har cikin raina. Na ce mata, "Wannan ai ba abin roƙo ba ne, 'yata. Ni zan ɗauko shi." Da bakina na faɗa, ba wanda ya matsa mini.

Da muka koma gida 'yata ta rufe ƙofa ta dube ni.

"Inna, kin gane ko su waye?"

"Turawa mana."

"Yahudawa ne. Ba sa son a yi ta yaɗawa, don haka abin da kika gani a gidansu ki bar shi a cikinki."

Na nemi kujera na zauna. Ni tun da nake ban taɓa ganin Bayahude da idona ba. A karatu nake jin sunan, sai kuma a labaran rediyo da talabijin, inda kullum sunan yake tafe da hayaƙi da gine-gine a rushe. Ban taɓa kawo wa raina cewa mai wannan sunan zai iya zama yarinya mai kumburin ƙafa ba.

"Kin daɗe da sani?"

"Tun shigowarsu."

"Kika bar ni ina shiga ina fita?"

"Inna, jego kike yi mata. Me ya canja daga ɗazu zuwa yanzu?"

Na tashi na shige ɗakina.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci matan Hausawa sukan taru a gidan wata Hajiya a unguwar Al Gharrafa, a ci tuwon shinkafa da waina, a yi hirar gida. Wannan taron ne kaɗai abin da nake ɗokinsa a duk mako. Ranar nan talabijin a kunne take, ana nuna yaƙi, ana ciro yara daga ƙarƙashin gini, mata suna ta salati.  Sai na karkace na ce wata ce na sani aka roƙe ta abu kaza a gidan mutane kaza, ko me kuka gani?

Wata mata a cikinmu, wadda kowace magana aka ɗauko tana da hukuncinta a shirye, ta ajiye cokali.

"Inna lillahi! Hajiya, ki gaya mata ta rufa wa kanta asiri. Wanda ya ɗauki yaron nan ai ya shiga cikin ibadarsu. Da hannunta za ta miƙa shi ga addininsu. Ga abin da suke yi wa 'yan'uwanmu kina gani."

Wata 'yar Zangon Kumasi da ke taya mai gidan girki ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Kai, Hajiya, jariri ne fa, ba gunki ba. Ni gidan da na fara aiki masu coci ne, ni nake yi wa yaransu wanka ran Lahadi in sa musu kaya, ban taɓa fasa salla ɗaya ba. Jaririn kwana takwas wane yaƙi ya yi? Yalla, maza ku ci abinci kafin ya huce."

Aka yi mata dariya, wata ta ce malamar kicin ta ba da fatawa. Ni ma na yi dariyar, Allah ya yafe mini. Duka biyun ba wadda ta yi karatun da za ta yanke hukunci, amma na ɗauki maganar ta farko na bar ta biyu. Yau da na tsufa ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Tsoron Allah yana ciki, amma kaɗan ne. Abin da ya fi cika mini ciki shi ne kada wani ya ɗauki hoto, kada labari ya isa gida a ce Hajiya ta je Doha ta zama uwar biki a gidan Yahudawa. Ina jin muryoyin matan unguwarmu a kunnena tun kafin su ji komai. Akwai malamai a garin, surukina ma mai karatu ne kuma yana gida a ranar. Ban tambayi ko ɗaya ba, don ina tsoron a ce mini babu laifi, in rasa abin fakewa.

A hanyar dawowa na yanke cewa ba zan ɗauki yaron ba. Wannan shawarar, ko daidai ce ko kuskure, tawa ce, kuma da na tsaya a nan da abin ya zo da sauƙi. Laifina shi ne na yi shiru. Mu yadda aka rene mu, wanda ya girmama ka ba ka duban idonsa ka ce masa a'a. Sai dai ka nemi uzuri, ka ce ciwon kai, ka ce baƙi sun zo, kowa ya gane ba tare da an faɗa ba. Ban tsaya na yi tunanin cewa ita ba a haka aka rene ta ba, kuma ba ta da wata macen da za ta juya gare ta in na zame.

Ranar Asabar na shiga gidan maƙwabtan, Lahadi ma na shiga. Na dama kunu, na yi wa yaron wanka, amma ban zauna ba. Ranar Lahadin mai jegon ta kira ni ta buɗe wata jaka ta fito da farin matashi mai ado a gefe. Ta ce mahaifiyarta ce ta yi adon da hannunta tun kafin a yi mata aure, ta ajiye don ranar da za ta samu jika. Ta ɗora shi a kan hannuwana tana gwada mini yadda zan riƙe, tana dariya wai tana koya wa mai 'ya'ya bakwai riƙon yaro. Sau biyu na buɗe baki. Sau biyun abin da ya fito shi ne, "Ya yi kyau." Ko 'yata ban gaya wa ba. Ta ce mini ranar Litinin tana da aikin safe ba za ta samu zuwa ba, in gaishe su, na ce to.

Niyyata in kwanta in ce zazzaɓi ya kama ni. Amma da safe, wajen ƙarfe tara, mijin maƙwabciyar ya zo da kansa, sanye da farar riga da wata 'yar ƙaramar hula a tsakiyar kai, fuskarsa sai walƙiya take yi. Ya same ni a tsaye a falo da tsintsiya a hannu, babu halin ƙaryar ciwo. Ya ce, "Mama, kowa ya zo, ke muke jira." Na ce ga ni nan. Da ya fita na shiga ɗaki na karɓi jikata daga hannun mai aiki, alhali barci take yi, na goya ta. Mai aikin ta ce in bar ta mana, na ce ta yi shiru.

Mutanen da ke falon ba su fi goma sha biyu ba, an saki labule. Akwai mata biyu, matan abokan aikin mijin, suna tsaye a gefe kamar baƙi a tasha. Akwai mai kaciyar, wani mutum mai gemu da 'yar jaka, wanda aka ɗauko daga wata ƙasa a jirgi kuma da azahar zai koma. Akwai mahaifin mijin, tsoho tukuf, ya yafa wani farin mayafi mai ratsin baƙi. An ajiye kujeru biyu a tsakiya. Tsohon yana kan ɗaya, ɗayar babu kowa, kuma ba wanda ya je kusa da ita. Na tsaya daga bakin ƙofa.

Sai ga mai jegon a saman bene. Ta sa doguwar riga shuɗiya, ta ɗaura ɗankwali, yaron yana kwance a kan farin matashin a hannunta. Fuskarta ta yi fari fat, amma tana murmushi.  Ta hango ni ta ce, "Mama."

Duk macen da ta taɓa goyo ta san cewa in yaro yana baya hannuwa a sake suke. Ni ma na sani. Shi ya sa na kai hannu na kwance zanin, na juyo da jikata gaba na rungume ta da hannu biyu, na sunkuyar da kai ina jijjiga ta kamar tana kuka. Yarinyar ko motsi ba ta yi ba.

"Mama?" ta sake cewa, a hankali.

Mijin ya matso ya miƙo hannu zai karɓi jikar tawa don in hau. Na ja da baya, na girgiza kai. Ban dube shi ba, amma na ga hannun nasa ya tsaya a iska kafin ya sauke shi. Ɗaya daga cikin matan ta yi kamar za ta hau benen. Mai jegon ta ce mata a'a. Ta gyara matashin a hannu ɗaya, ta kama ƙarfen bene da ɗayan, ta fara saukowa da kanta. Mace mai ɗinkin kwana takwas a ciki. Kowane mataki sai ta tsaya ta cije leɓe. Na ƙirga su, don idona yana ƙasa, ƙafafunta kawai nake gani. A mataki na shida mijin ya ruga ya karɓi yaron, ita kuma ta zauna a nan inda take, ta jingina kai da bango. Daga nan ta kalli komai, ba ta sake dubana ba.

Da aka shigo da yaron tsakiyar falon duk suka miƙe suka faɗi wata kalma tare. Ɗaya matar da ke kusa da ni, wadda ina jin ba ta gane abin da ya faru ba, ta raɗa mini da Larabci cewa maraba suke yi masa. Aka kwantar da shi ɗan lokaci a kan kujerar da babu kowa, ta ce wannan ta Annabi Iliyasu ce, a kowace kaciya sukan ajiye masa wuri. Daga nan aka ɗora shi a cinyar kakansa. Tsohon ya riƙe ƙafafun yaron, hawaye yana bin gemunsa. Mai kaciyar ya yi karatu, uban ma ya yi karatu. Kafin in ƙifta ido an gama. A garinmu sai yaro ya yi wayo ake kai shi wurin wanzami, na zaci abin zai yi muni a kan ɗan mitsitsin nan, amma kuka ɗaya ya yi mai ƙarfi, aka ɗiga masa wani abu daga kofi a leɓe da ɗan ƙyalle, ya yi shiru yana tsotsa.

Sai mai kaciyar ya ɗaga kofin ya yi addu'a, a ciki ya faɗi sunan yaron, karo na farko da kowa ya ji shi. Sunan wani Annabi ne da mu ma muke sa wa 'ya'yanmu, a gidanmu kaɗai akwai mutum uku masu shi. Duk suka amsa da murya ɗaya. Matar ta ce mini suna roƙon ya girma ya yi ilimi, ya yi aure, ya yi aikin kirki. Na tsaya ina tunanin abin da liman yake roƙa wa jariranmu ranar suna, ban sami wani abu da ya wuce wannan ba. Aka mayar wa uwar da ɗanta a kan benen, ta kifa fuskarta a jikinsa. Ana fito da burodi da kifi da dafaffen ƙwai na sulale na fita, ban yi wa kowa sallama ba.

Da 'yata ta dawo ta fara shiga can kafin ta shigo gida. Ta same ni a ɗaki. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa ɗaga mini ba.

"Inna, da kin gaya mini ko jiya ne, da na roƙi wani ya riƙe mini aikin, na je na sauko da shi. Minti biyu ne."

"Kunya na ji."

"Kunyar wa?"

Ta fita ta ja mini ƙofa.

Ban sake shiga gidan ba. Saura mako biyar in tafi, kuma ban san makonnin da suka fi su tsawo ba. Bango ɗaya ne tsakaninmu, ina jin kukan yaron. Ina gane na yunwa, ina gane na ciwon ciki, na san abin da zan yi masa ya yi shiru, ina zaune. Na daina fita filin ciyawar. Geron da ya rage na ba mai aiki ta kai musu, aka karɓa aka ce an gode.

Ranar da zan tafi, an riga an sa kaya a mota, na ce wa 'yata ta raka ni. Mai jegon ce ta buɗe ƙofa, yaron yana kafaɗarta, ya yi ɓulɓul, idanunsa a buɗe. Ta gaishe ni da ladabi, ta yi mini fatan sauka lafiya. Na ce wa 'yata ta gaya mata ina neman gafara. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta yi magana a hankali, 'yata tana mayar mini da Hausa ba tare da ta dube ni ba.

"Ta ce ba ta manta kunun da wankan ba, ba za ta manta ba. Ta ce da kin ce mata a'a da ta gane, su sun saba jin a'a, da ta nemi wata hanya. Abin da ya yi mata ciwo shi ne da kika bar ta ta tsaya a gaban mutane tana kiranki."

Na miƙa hannu in taɓa yaron. Ba ta ja da baya ba, ba ta kuma miƙo shi ba. Na shafa ƙafarsa da yatsa ɗaya, direba ya yi hon, muka tafi.

Bayan na dawo gida da wasu watanni abin ya hana ni sakat, na je wurin wani dattijon malami a unguwarmu na zayyana masa komai. Ya ce, "Ta ce ki yi addu'arsu?" Na ce a'a. "Ta ce ki bar sallarki?" Na ce a'a. "To me ta ce ki yi?" Na ce in sauko mata da jariri daga bene.  Sannan ya ce ko da a ce zuciyata ba ta kwanta da abin ba, ina da kwana uku a hannuna da zan faɗa mata, kuma maƙwabci yana da haƙƙi ko wane ne shi. Ya ce in nemi gafarar Allah, ita kuma in na sami hanya in sake nema. Ban samu ba. Shekarar da ta biyo baya aikin mijin ya ƙare suka koma wata ƙasa, 'yata ma ta sauya gida, lambar da take da ita ta daina shiga. Yaron yanzu ya isa makaranta. Ban sani ba ko an taɓa ba shi labarin tsohuwar da ta fara yi masa wanka, kuma in an ba shi, ban san a ina aka tsaya ba.

Abin da na koya na koye shi a makare. In abu ya shige maka duhu, ka tambayi wanda ya sani, kada ka tambayi taron da kake tsoron bakinsa. In kuma za ka ƙi abu, ka ƙi shi da wuri, da bakinka, daga kai sai mai shi, tun yana da lokacin neman wani. Ni na ɗauka shirun da na yi kara ce, ashe fuskata na tsare, na bar wata ta sha kunyar a tsaye da ɗinki a ciki. Tun daga lokacin, in aka roƙe ni abin da ba zan iya ba, a nan take nake faɗa, ko da za a ji haushi. Matan unguwa suna cewa tsufa ya sa Hajiya ta rasa kara. Ina jin su, ba na musu.